Doguwar Damuwa, Taurin Jijiyoyin Jini da Adirinal: Bitar Hujjoji Domin Masu Bincike a Azare da Ƙasar Katagum

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi abin da binciken kimiyya ya gano game da yadda doguwar damuwa da taurin jijiyoyin jini suke sauya adirinal, sannan ta auna shi da halin masu hawan jini a Azare da sauran ƙasar Katagum. Hujjojin sun nuna cewa damuwa kan ƙara wa adirinal girma da aiki, taurin jijiya kuma kan tauye wa wasu sassanta jini, ya kuma tunzura ta ta hanyar ƙoda. Maƙalar tana ganin akwai masu hawan jini da ake ba magani shekara da shekaru alhali ba a taɓa duba adirinal ɗinsu ba, ta kuma kawo hanyoyin gwaji da suka dace da yankin.

Gabatarwa

Idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a gona ko a rumfar kasuwa, aka kai shi asibiti ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan uwa kan ce tunani ne ya yi masa yawa. Likita kuma ya rubuta hawan jini a kati. Kowannensu ya faɗi wani yanki na gaskiya. Abin da ya haɗa maganganun biyu wata 'yar tsoka ce mai fitar da sinadarai, wadda ke zaune a kan kowace ƙoda, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ita ce adirinal.

Binciken SIREN, wanda Mayowa Owolabi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Lancet Global Health a 2018, ya kwatanta masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 da takwarorinsu da ba su da cutar a cibiyoyi 15 na Nijeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya. Hawan jini ne ya zo kan gaba da rata mai nisa, damuwa kuma ta fito cikin abubuwa 11 da ke ƙara haɗarin cutar. Tun kafin nan, bitar da Davies Adeloye da abokansa suka yi a 2015 ta ƙiyasta cewa kusan kashi 29 cikin 100 na manya a Nijeriya suna da hawan jini.

Azare wuri ne da ya dace a bincika alaƙar damuwa da hawan jini da adirinal. Babban asibitin tarayya da ke garin shi ne madogarar marasa lafiya daga Zaki, Gamawa, Itas-Gaɗau, Shira, Giyaɗe da Jama'are, har da maƙwabta daga Jigawa da Yobe, kuma tun 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a garin. Abubuwan da ke hana magidanci barci a wannan yanki kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na taki da na magani. Manoman fadamar Kogin Jama'are kan yi shuka da fargabar ambaliya, wadda a daminar 2024 ta kai ga yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum. Irin wannan damuwa ba ta kwana ɗaya ba ce, kuma ita ce wadda maƙalar ta sa a gaba.

Tsarin adirinal da hanyar jininta

Adirinal tana da ɓawo da ƙwaya. Saman ɓawon yana fitar da aldosteron, mai sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da sinadarin fotasiyam. Tsakiyar ɓawon tana fitar da kotisol bisa umarnin ƙwaƙwalwa, wanda ke isowa ta sinadarin ACTH. Ƙwayar kuma ita ke fitar da adirinalin, mai sa zuciya bugawa da sauri idan mutum ya razana.

Jini yana shiga ta jijiyoyi uku: ɗaya daga jijiyar da ke ciyar da tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ɗaya daga babbar jijiyar jiki kai tsaye, ɗaya kuma daga jijiyar ƙoda. Kafin su shiga sai su rarrabu zuwa ƙananan rassa masu yawa a kan fatar adirinal, jinin ya ratsa ɓawo ya gangara ƙwaya, ya fita ta jijiya ɗaya tak. Yawan mashigai ya sa da wuya a ga adirinal ta mutu ɗungurungum don jijiya ɗaya ta toshe. Lalacewar kan zo ne tsilla-tsilla, reshe bayan reshe.

Abin da doguwar damuwa ke yi

A 1936 Hans Selye, yana Jami'ar McGill a Kanada, ya wallafa a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka jefa cikin wahala iri daban-daban sun nuna alamu iri ɗaya: adirinal ta kumbura, gaɓoɓin garkuwar jiki sun motse, ciki ya yi gyambo. Bayan shekara 70, Yvonne Ulrich-Lai da abokanta (2006) sun fayyace inda girman yake faruwa. A ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, ƙwayoyin halitta sun ƙaru a wajen sashen da a jikin mutum ke fitar da kotisol, na cikinsa da na ƙwayar adirinal sun yi ƙiba, na sashen aldosteron kuma sun ƙanƙance.

A jikin ɗan Adam ma an ga makamancin haka. Charles Nemeroff da abokansa (1992) sun ga adirinal ta fi girma a masu tsananin ciwon damuwa, Robert Rubin da abokansa (1995) kuma suka nuna girman yana raguwa bayan an yi magani an samu sauƙi. Wannan sakamako na biyu ya fi muhimmanci a wurin mai wannan maƙala, domin yana nufin sauyin mai komawa ne muddin ba a bar shi ya daɗe ba.

Kotisol da ya yi yawa ko ya ƙi sauka da yamma kamar yadda ya saba yana ɗaga sukari, yana tara kitse a tumbi, yana ƙara wa jijiyoyi saurin matsewa. Karen Matthews da abokanta (2006) sun gano cewa waɗanda kotisol ɗinsu bai sauka sosai a tsawon yini ba sun fi samun ƙanƙarar alli a jijiyoyin zuciya. Mark Hamer da abokansa (2010) sun samu irin wannan alaƙa a ma'aikatan gwamnati na binciken Whitehall II a Landan, tsakanin waɗanda kotisol ɗinsu ke tashi idan aka ba su aiki mai caza kai. Waɗannan binciken biyu alaƙa suka nuna, ba su tabbatar da sanadi ba, amma alƙiblarsu ɗaya.

Abin da taurin jijiya ke mayar wa adirinal

Nan ne aka fi yin sakaci. An saba kallon adirinal a matsayin mai laifi, jijiya kuma wadda aka zalunta, alhali ɓarnar tana komawa inda ta fito.

A shekarun 1960 Bernard Wexler, a Amurka, ya lura cewa ɓerayen da aka bari suna haihuwa a kai a kai sukan kamu da taurin jijiya da hawan jini da hauhawar sukari ba tare da an sauya musu abinci ba, ya kuma danganta hakan da yawan aikin adirinal. A 1969 J. W. Dobbie, a Gilasgo, ya duba adirinal ɗin mutanen da suka rasu, ya ga ƙulle-ƙullen ɓawo suna ƙaruwa da shekaru, kuma suna tafiya tare da kaurin ƙananan jijiyoyin da ke kan fatarta. Fassararsa ita ce: inda jini ya ragu wurin ya motse, inda jini ke isa wurin ya yi girma fiye da kima don cike giɓi. Duk wanda ya ga gonar rani da wata kwata ta toshe ya san wannan hoto, gefe ɗaya ya bushe, gefe ɗaya ruwa ya yi masa yawa.

Fassarar Dobbie ba ita kaɗai ce a fage ba yanzu. Tun 2011, lokacin da Murim Choi da abokansa suka gano sauyin ƙwayar gado ta KCNJ5 a ƙullutun da ke fitar da aldosteron, aka fahimci cewa wasu ƙulle-ƙullen suna da tushe a cikin ƙwayar halittar kanta. Kazutaka Nanba da abokansa (2017) sun nuna cewa da tsufa, fitar aldosteron kan koma hannun wasu 'yan gungu da ba sa bin umarnin ƙoda, a 2019 kuma suka ruwaito cewa a baƙar fata na Amurka sauyin CACNA1D ne ya fi yawa a irin waɗannan ƙullutu. Bayanan biyu ba sa karo da juna, domin tsufa da hawan jini da taurin jijiya a jiki ɗaya suke haɗuwa.

Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ba ta da gardama. A 1934 Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka, jininsu ya hau. Ƙodar da jini ya yi wa ƙaranci tana sakin sinadarin renin, shi kuma ya tayar da anjiyotensin, wanda ke umartar adirinal ta ƙara aldosteron. Aldosteron mai yawa, musamman a jikin mai cin gishiri sosai, yana ƙara taurin bangon jijiya da tabon tsokar zuciya. A ƙasar da ake haɗa gishiri da ɗanɗano a miya ɗaya, ake kuma sa kanwa a girki da kunu, wannan batu ba ƙarami ba ne.

Jerome Conn ya bayyana cutar yawan aldosteron a 1955, aka daɗe ana ɗaukar ta wadda ba kasafai ake gani ba. Jenifer Brown da abokanta (2020) sun same ta a kusan kashi 22 cikin 100 na masu hawan jinin da ya gagari magani a cibiyoyin Amurka da suka bincika. Maganinta na farko, sifironolakton, tsohon magani ne da ake da shi a Nijeriya. Abin takaici ne mutum ya shekara goma yana shan ƙwayoyi uku, ana zarginsa da rashin bin ƙa'ida, alhali ba a taɓa auna fotasiyam ɗinsa ba.

Gajiyar adirinal da ainihin gazawarta

Masu tallar magunguna a intanet suna yaɗa cewa damuwa tana gajiyar da adirinal har ta kasa aiki. Flavio Cadegiani da Claudio Kater sun bi bincike 58 a 2016, ba su sami hujjar wannan cuta ba. Gazawar adirinal ta gaskiya ita ce wadda Thomas Addison ya bayyana a 1855, kuma a ƙasashen da tarin fuka ya yi katutu, shi ne babban sanadinta. Wani sanadin gazawar adirinal kuma yana kan kantar kemis: deksametason da firedinisolon da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, da mayukan bilicin masu sinadarin kulobetasol. Suna ɗaga jini da sukari, suna sa ƙwaƙwalwa ta daina aika ACTH, adirinal ta motse. Ranar da aka daina su farat ɗaya, ko zazzaɓi mai tsanani ya zo, jini na iya faɗuwa har a rasa rai.

Yadda za a gwada a Azare

Matakin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Duk mai hawan jinin da ya gagari magunguna uku a auna fotasiyam ɗinsa, a tambaye shi dalla-dalla abin da yake saya a kemis da abin da yake shafawa, sannan a tura jininsa gwajin aldosteron da renin. Taurin jijiya kuma ana iya ƙiyasta shi da na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu, idan an sa mata kan da ya dace da jijiyar wuya, ko ta kwatanta awon jinin idon sawu da na hannu.

Auna kotisol ne ke buƙatar sanin gari. Yana kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, don haka miyau da aka karɓa ƙarfe takwas na safe daga wanda ya tashi sallar asuba ba zai yi daidai da jadawalin da aka tsara a Turai ba. Dole a rubuta lokacin farkawar kowane mutum, a kuma ware watan azumi, domin sahur da tsayuwar dare suna sauya tsarin barci. Gwajin gashi, inda santimita ɗaya ke wakiltar kusan wata ɗaya, zai yi wuya ga maza masu aski ƙwal, ga mata kuma sai an rubuta man kitso da rinin da suke amfani da shi, kuma mace ce za ta yanki gashin. A bi mutanen da ake aunawa aƙalla zagaye biyu, ɗaya a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa kogi ya cika, ɗaya bayan kaka, kowane mutum a kwatanta shi da kansa.