Aljabra Gadonmu Ce, Ba Baƙuwa Ba

Duk shekara idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, mukan ji yaranmu a nan Bauchi suna cewa aljabra ilimin Bature ne. Tarihi bai ce haka ba.

Wajen shekarar 820, a Bagadaza, Muhammad bin Musa Alkawarizmi ya rubuta littafin da aljabra ta samo sunanta daga gare shi. A ciki ya koyar da dabarar cika murabba'i, wadda har yau da ita ake gano gindin lanƙwasa. Mu ɗauki x² − 6x + 11. Rabin 6 shi ne 3, uku sau uku 9, a cire daga 11 saura 2. Sai ya koma (x − 3)² + 2. Tunda murabba'i ba ya gaza sifili, mafi ƙanƙantar amsa 2 ce, sa'ad da x ya zama 3.

A ƙasar Hausa ma, Malam Muhammadu Alkashinawi na Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi.

Iyaye, mu gaya wa yaranmu wannan kafin tsoro ya kayar da su. Allah ya ba su sa'a.