Sankara iri biyu a furostat ɗaya

Furostat ƙaramin ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sankarar da ke kama shi adenokasinoma ce, wadda ke dogara da sinadarin maza, testosteron, shi ya sa ake ba da maganin rage shi. Amma bayan dogon magani, wasu ƙwayoyin cutar kan rikiɗe su koma nau'in "ƙananan ƙwayoyi", mai saurin kaiwa hanta da huhu. Sai nau'ukan biyu su zauna tare. Sabon nau'in ba ya cika ɗaga awon PSA, don haka gwajin jini na iya fitowa lafiya alhali ciwon na ci. Ɗibar tsoka a duba ce ke tantancewa, maganinsa kuwa kemoterapi ne.