Gadon da ba a raba shi a zauren malam

Mu da muka tashi a gaban allo, in aka ambaci gado hankalinmu kan tafi ga ilimin fara'ili: rabi, rubu'i, sumuni. Amma akwai gadon da ba ya jiran mutuwar mai shi, ɗa kan karɓe shi tun yana ciki, kashi ɗaya daga uwa, kashi ɗaya daga uba. Mun ɗauko zancen ne saboda ƙararrakin da kan iso zauren sarki a nan Kumasi, inda miji ke neman rabuwa da matarsa don 'ya'yanta ba su da lafiya, danginsa na cewa daga gidansu ta kwaso.

Kakanninmu sun san wannan ciwo. Sun kira shi amosanin jini: yaro ya kwana yana kukan ƙashi, idonsa ya yi rawaya, abin ya tsananta lokacin sanyi. Maƙwabtanmu Asante suna ce masa ahotutuo. Da yara suka riƙa mutuwa a jere a ɗaki guda, sai aka ce wabi ne, ana sa wa na baya suna Ajuji ko zai tsaya. Ba dukan wabi ne amosani ba, amma yana cikin abubuwan da ke ɗauke ƙananan yara.

Tun kafin likitoci, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna hanya. Wani mutum ya zo yana shakkar ɗansa don launinsa ya saɓa da nasa. Annabi (SAW) ya tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka, ya ce akwai, kuma wataƙila wani asali na can baya ne ya jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗan nasa ma haka yake. Wato siffa takan ɓuya a iyaye, ta bayyana a jikoki.

A 1866 wani malamin coci, Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Czech ta yanzu, ya wallafa lissafin wannan ɓuya. Ya barbara dogon wake da gajere, duk abin da ya tsiro ya zama dogo. Da ya shuka 'ya'yan waɗannan, sai gajeren ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. A 1910 likita James Herrick na Chicago ya ba da labarin wani ɗalibi daga tsibirin Grenada wanda ƙwayoyin jininsa suka lanƙwashe kamar lauje, kuma daga sunan lauje a Turanci kalmar sikila ta fito. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano cewa matsalar tana cikin sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin yawanta a ƙasashen sauro: mai ɗauke da kashi ɗaya ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Ghana ma tana da hannu a tarihin. Likita Felix Konotey-Ahulu ya bi salsalar ciwon a danginsa na Krobo har zuwa 1670. A 1995 kuwa, a asibitin Komfo Anokye da ke garin nan, Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda ɗansa ya yi fama da ciwon, ya jagoranci fara gwada jarirai tun daga haihuwa.

Ga lissafin a taƙaice. Mai AS lafiyayye ne, yana noma yana fatauci, bai san yana ɗauke da komai ba. In ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki lissafinsa daban, haihuwar mai SS yau ba ta kuɓutar da na gobe. Akwai kuma nau'in C, mai yawa a arewacin Ghana da Burkina Faso, wanda in ya haɗu da S yakan kawo ciwo. Don haka babu yaron da ya zo da SS daga uwa kaɗai. Uban da ke zargi, rabin abin daga gare shi yake.

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin halitta, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini, musamman da yake mu 'yan zango muna yawan aure a junanmu don riƙe zumunci da harshe. A yi gwajin tun kafin a kai gaisuwa, kafin zukata su shaƙu, a kuma rufa wa kowa asiri. Mai AS ba abin gudu ba ne, yana iya auren mai AA ba fargabar SS. Waɗanda aka riga aka haifa da ciwon amana ce a wuyanmu, a kai su asibiti, a daina goranta wa iyayensu mata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu. Wassalam.