Asalin Tafkin Rayfield

Kudu da Jos, kafin a kai Bukuru, akwai wata unguwa wai ita Rayfield. Unguwa ce ta manya, can gidan gwamnan Filato yake, ga gidaje masu lambu, ga kuma tafki inda mutane ke zuwa shan iska. Baƙo in ya gan shi sai ya ce tun fil azal yana nan. To, 'yan makaranta, ku sani tafkin nan rami ne da mutane suka haƙa, kuma ba ruwa suke nema ba, kuza suke nema.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Liruwe sun san kuza. Sukan narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Da labarin ya kai kunnen Kamfanin Neja sai suka aiko a bi sawu. A 1903 wani Bature mai suna Laws ya iso, ya kafa sansani a Naraguta. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Bukuru, lebura suka yi ta kwarara daga ƙasar Hausa da Barno. Rayfield kuwa ta zama mazaunin Turawan kamfani.

Ita kuza tana kwance ne ƙarƙashin ƙasa, cikin tsakuwar tsofaffin rafuka. Kafin a kai gare ta sai an kwashe duk ƙasar da ke bisa, da diga da shebur, a ɗauka cikin kwano a ka. Daga baya aka kawo injuna. Muddin ana aiki, ana janye ruwan da ke tsattsafowa. Ran da aka daina, sai ramin ya cika.

Filin nan kuwa gonakin Birom ne, inda suke shuka acca. Abin da aka ba su diyya bai taka kara ya karya ba, ƙasar da aka birkice kuwa ba ta sake yin amfanin kirki.

Mafi tsanani shi ne zamanin Yaƙin Hitila. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuzarta, sai aka umurci En'e-En'e su aiko da mutane tilas, watau diban gwamna. Talakawa daga ƙasa mai zafi suka zo ba bargon kirki, sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe da yawa, har aka soke abin a 1944. A ganina duk mai ba da tarihin Jos bai kamata ya tsallake waɗannan bayin Allah ba.

Kuzar kusa ta yi ta ƙarewa, Turawa suka watse, a 1985 kasuwarta ta karye a Landan. Masu hali suka sayi filaye suka yi gini a bakin ruwa. Sauran ramukan da ke warwatse har Barikin Ladi, masu noman rani na jan ruwansu su shayar da kabeji da tumatir. Amma gaɓarsu a tsaye take kamar rijiya, shi ya sa yara da shanu kan faɗa su halaka.