Tarihin Tsara Manyan Wuraren Shaƙatawa a Birane

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, galibin manyan lambunan Turai na sarakuna da masu hannu da shuni ne. A Ingila, Lancelot Brown ya yi suna wajen tsara wa attajirai filayen ciyawa masu tudu da gangare, da tafkuna masu lanƙwasa, da bishiyoyi gungu-gungu, har mai kallo ya ɗauka haka Allah ya tsirar da su. Wannan salo wuraren shaƙatawar jama'a suka gada.

Masana'antu ne suka tilasta buɗe wa talaka ƙofa. Birane sun cika maƙil da hayaƙi, kwalara na ta kisa, likitocin zamanin kuwa sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. A 1847 aka buɗe gandun shaƙatawa na Birkenhead, kusa da Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara da kuɗin jama'a. Hukumar garin ta sayar da filayen gefensa ga masu gina gidaje don ta mayar da abin da ta kashe. Frederick Law Olmsted, Ba'amurke, ya ziyarci wurin a 1850, ya sha mamakin ganin mai kuɗi da lebura suna yawo a fili ɗaya.

A 1858 shi da Calvert Vaux suka lashe gasar tsara Central Park a New York, filin da daga baya ya kai eka 843. Dabararsu mafi kyau ba ta cika ɗaukar ido ba: hanyoyi huɗu da ke ratsa gandun daga gabas zuwa yamma an nutsar da su ƙasa, keken kaya ya wuce ba tare da mai hutawa ya gan shi ba. Mai tafiya a ƙasa, mahayin doki da keken doki, kowa da hanyarsa, gadoji na raba su. Filin kuwa da mutane a kansa: a 1857 aka tashi mazauna Seneca Village, yawancinsu baƙar fata, da dama masu filayen kansu.

A Faransa, injiniya Adolphe Alphand ya mayar da tsohuwar mahaƙar dutse da juji zuwa Buttes-Chaumont na birnin Paris, aka buɗe a 1867. Ƙasar shuka ɗauko ta aka yi daga wani wuri, ruwan da ke gangarowa daga dutse famfo ke tura shi, shingayen da suka yi kama da rassan itace kuwa siminti ne.