Gicciyen dutse na Ayalan: wa'azin da aka sassaƙa a maƙabarta

A tsohuwar maƙabartar Monasterboice, arewa da birnin Dabilin na ƙasar Ayalan, akwai wani gicciyen dutse da tsayinsa ya haura mita 5, yana nan tsaye sama da shekara 1,000. Rubutun da ke gindinsa yana roƙa wa Muiredach addu'a, mutumin da ya sa aka sassaƙa shi. Akasarin masana na ganin shi ne shugaban gidan 'yan zuhudun wurin da ya rasu wajen shekarar 923.

A zamanin, littafi sai gidan 'yan zuhudu, karatu kuma sai ɗaiɗaikun mutane. Shi ya sa masassaƙa suka mai da dutse allon karantarwa. A fuskarsa ta gabas ga Adamu da Hauwa'u a gindin bishiya, ga Ƙabila ya ɗaga makami kan Habila, ga Dauda da Jaluta, ga Musa yana bugun dutse ruwa na ɓulɓulowa. Can sama an zana ranar hisabi: Mala'ika Mika'ilu na riƙe da mizani, Shaiɗan na ƙasa yana ƙoƙarin rinjayar da shi. Gefunansa kuwa zanen sarƙaƙƙiya ne, zare ya bi ta ƙarƙashin zare, wanda duk mai ɗinkin babbar riga a Talata Mafara zai ga kamar dagi ne.

Zoben da ke kewaye da hannuwan gicciyen shi ne tambarin wannan salo, kuma yana da aikin yi, domin yana tallafe nauyin dutsen. A tsibirin Iona na Sukotilan, inda ɗan zuhudu Columba ya kafa zaman ibada a 563, gicciyen Yohanna na ƙarni na 8 ya karye saboda faɗin hannuwansa. Masana na ganin wajen gyaransa ne aka ƙara masa zobe.

Wannan zamani ne kuma na maharan teku 'yan Viking. Sun far wa Iona a 795 da 802, a 806 suka kashe mutum 68. Kayan zinariya da azurfa suka kwasa, dutse kuwa ya fi ƙarfin ɗauka. Abin da ke cinsa yanzu ruwan sama ne da iska. A Clonmacnoise, bakin Kogin Shannon na Ayalan, dole ta sa aka shigar da gicciyen zamanin Sarki Flann Sinna cikin ɗaki, aka kafa kwafinsa a gurbinsa na asali.