Rigar Mai Wa'azi: Farashinta Za Mu Tambaya Ko Asalinta?

Maudu'inmu na wannan mako daga gindin wata darbejiya ya fito a garinmu Kunci. Bayan an yi girbi, wani baƙon malami ya zo wa'azi cikin ɗanyar shadda Getzner mai ɗaukar ido, an tara masa kuɗin mai, har da waɗanda suka sayar da tiyar gero suka ba da nasu. Da ya tafi majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce mai wannan riga ba shi da bakin da zai ce wa talaka ya yi haƙuri. Wasu suka ce naman malamai guba ne, a kama baki. Da na ba wani abokin karatuna Bahaushe Kirista labari, sai ya yi dariya ya ce su ma gardamar da ke cin su ke nan a coci: shin ya halatta mai bi ya hukunta faston da ke sa tufafi masu tsada daga baikon ikilisiya? Wannan ya sa na koma tarihi, don gardamar ta girmi kakanninmu.

Mu fara da Kano. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya sauka a birnin ya rubuta wa sarki nasiha kan sha'anin mulki. A ciki bai ce shugaba ya sa tsumma ba. Ya so ya yi shiga ta kamala da kwarjini, ya dai nisanci abin da shari'a ta hana maza, wato alharini da zinari. Shi kuwa Magili bamalike ne, kuma sananne ne cewa Imamu Malik kansa mutum ne mai son tufa mai kyau da turare, musamman in zai zauna karantar da hadisi. Amma shi dai Magilin nan ya yi kaca-kaca da waɗanda ake kira miyagun malamai, masu halatta wa sarakuna son zuciyarsu don abin duniya. Ke nan tun farko ba a kan yadin aka ja layi ba.

Bayan shekaru kusan ɗari uku, sai ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasar Gobir. Abin da almajiransa suka ruwaito shi ne bai tara tufafi ba, riga da wando da rawani ne iyakarsa. Wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ku lura, wanda ya ƙi dukiya shi ne ya nemi a girmama rawani. Daga baya Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, mata kuma yin lulluɓi, domin ya gane tufar ta zama alamar jama'ar da ba ta cin abincin fada. Ƙarfin Shehu a Magami ba daga tsufan rigarsa ya zo ba. Ya zo ne daga cewa ba sarki ya ɗinka masa ita ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya biyo baya ya fi ban tsoro. Ana cikin jihadi, wajajen 1807, ƙanensa Malam Abdullahi ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga wasu da suka fito don gyara sun koma neman muƙami da dawakai da manyan riguna. A Kano aka roƙe shi ya tsaya, ya karantar, ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma gida. Abdullahi bai yi shiru da sunan kada a ci naman 'yan uwa ba. Ya yi hukunci, amma da hujjar abin da ya gani da idonsa na sauyin hali, kuma a kan mutanensa ya fara.

Kada mu manta kuma ƙasar nan ƙasar masaƙa da marina ce. Baturen Jamus Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga tufafin birnin suna kaiwa har Tambutu. Babbar riga mai aska takwas, da saƙi, da kore mai sheƙin baba, sana'ar dubban gidaje ce a ƙauyukanmu. A irin wannan ƙasa, malamin da ke fatauci ya sa riga daga guminsa ba abin mamaki ba ne, kuma ba wanda ya ɗauke shi ɓarawo.

To ɓangaren Kiristoci fa? A 1890 wasu Turawan mishan ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke sun sauka Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa. Suka ajiye kwat da wando suka sa riga irin tamu don su kusanci mutane. Shigar ba ta tara musu mabiya ba, kuma Brooke ya rasu a can a 1892. Sauƙin tufa kaɗai ba ya buɗe zuciya. Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, yana ɗauke da ɓangarorin gardamar duka biyu. Yahaya Maibaftisma rigar gashin raƙumi ya sa. Wasiƙar Yakubu ta tsawata wa masu ba mai zoben zinari wuri mai kyau a majami'a su bar matalauci a tsaye. Sura ta 7 ta Matiyu, wadda masu cewa a yi shiru ke kafa hujja da ita don ta yi hani ga hukunta mutane, ita ce kuma ta yi gargaɗi kan annabawan ƙarya, ta ce da 'ya'yan da suka haifar za a gane su. Ashe an hana yanke wa zuciya hukunci ne, ba a hana duba aiki ba.

A zamanin iyayenmu kuwa ga Malam Aminu Kano, mai tafsiri kuma ɗan siyasa, wanda aka sani da farin yadi da jar dara har ya rasu a 1983. Mutane da yawa sun kwaikwayi hular. Kaɗan ne suka kwaikwayi barin duniya ba tare da tara dukiya ba. Shiga mai sauƙi ita ma ana iya aronta, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, in mai wa'azi ya tsaya gabanmu, malami ne ko fasto, tarihi ya bar mana tambayoyi da suka fi farashi amfani. Daga ina rigar ta fito, daga sana'arsa, ko daga aljihun mai mulki, ko daga tiyar geron gwauruwa? Akwai gaskiyar da ya daina faɗa tun da ya fara sa ta? Yana gaisawa da mai yagaggiyar taguwa kamar yadda yake gaisawa da mai mota? Wanda ya ba da baiko ko sadaka yana da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi cikin ladabi. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya ce ya san abin da ke cikin zuciyar wani saboda ya san kuɗin shadda a Kantin Kwari.

Mu marubuta a nan muka fi faɗawa rami. Sau nawa muka karanta labarin da mugun malami ya shigo da malum-malum da zobba, na kirki kuma da ƙoɗaɗɗiyar riga, tun shafi na biyu an gama shari'a? Wannan lalaci ne, kuma yana koya wa mai karatu auna mutane da ido. In za ka rubuta mai wa'azi, nuna mana wanda ya ba shi rigar, ka kuma kai shi ranar da zai zaɓa tsakaninta da gaskiya. A nan ne za mu san ko wane ne.

Shi baƙon namu na Kunci har yau ban yanke masa hukunci ba, don ban san asalin shaddarsa ba. Na dai ƙudura in ya dawo baɗi, zan saurari abin da zai ce kan masu sayen hatsi da rahusa a kaka su ɓoye sai bazara. Ina jiran ra'ayoyinku. Allah Ya sa mu dace, amin.